Kitsen Jini Da Safiyar Da Aka Kama Ni A Bakin Kanal

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka danne ni a cikin gonar shinkafa ba, ko da kuwa zan yi tsawon ran kakana. Yanzu idan na ba da labarin, mutane dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma nakan taya su. Amma abin bai fara da dariya ba. Da mutuwa ya fara.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayana Sule. Tare muka taso a Kura, tare muka yi ƙwadago a gonakin mutane, tare kuma muka kafa injin casar shinkafa da Allah ya buɗa mana. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu ne, wata rana bayan sallar Azahar, muna tsaye a bakin inji ana sauke shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sai na ga Yaya ya dafe ƙirji ya zauna a kan buhu. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Wani abu ne ya tokare ni a nan." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Kafin mota ta kai mu Kano, rai ya yi halinsa. Mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba.

Bayan an share makoki sai ni ma na fara jin nauyi a ƙirji. Ko ciwo ne ko tsoro, ban sani ba. Na ce wa matata, Hajiya Binta, zan shiga Kano neman wani ƙarfen inji, na zarce asibiti. Likitan yaro ne, bai fi sa'an babban ɗana ba, amma yana da natsuwa. Ya sa aka ɗebi jinina ban karya ba, da sakamako ya fito ya zaunar da ni.

"Alhaji, kolestarol ɗinka ya yi yawa," in ji shi.

Na ce, "Likita, me ke nan?"

"Wani irin kitse ne da yake yawo a cikin jini. Ka ce daga Kura kake, ko? To ka san yadda laka da ciyawa suke taruwa a kanal har ruwa ya kasa kaiwa gonar ƙarshe. Haka yake yi wa jijiyoyi. Idan hanyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, sai mutum ya faɗi yana tsaye."

Buhun da Yaya ya zauna a kai kawai nake gani.

Ya ci gaba da cewa kitsen iri biyu ne. Akwai mai maƙalewa a jikin jijiya, akwai kuma mai bi yana kwashewa, kamar masu yashe kanal. Nawa mai maƙalewar ya yi yawa, mai kwashewar ya yi kaɗan. Ya ce tafiyar ƙafa tana ƙara wa mai kwashewar yawa, tana rage wani ɓangare na maiƙon jini, tana sauke teɓa, amma ita kaɗai ba za ta ishe ni ba, sai na haɗa da magani da gyaran cima. Kuma ba tafiyar zagayen ɗaurin aure ba. Tafiya ce mai ɗan sauri kusan kullum, wadda zan yi gumi, ina kaɗa hannuwa. Har tashi ya yi ya gwada mini.

Sai ya tambaye ni, "Yaushe rabonka da ka yi doguwar tafiya a ƙasa?"

Na yi ta lalube a raina ban samo ba. (Masallacin unguwarmu yana bayan gidana ne, amma a kan babur nake zuwa. Ba na son a tambaye ni dalili, domin ni ma ban san shi ba.) Ni da a da muke takawa da Yaya daga Kura har kasuwar Bunkure da kwandon tumatir a ka, mu dawo a ƙasa muna hira. Da arziki ya zo sai ya zo da babur da kujera, da balangun yamma, da man shanu har yana kwanciya a kan miya.

Washegari na gwada tafiyar a cikin gari. Ban yi nisa da ƙofar gida ba ɗan acaɓa ya taka birki. "Alhaji, lafiya? Ina mashin ɗin?" Na ce lafiya lau. Na ƙara gaba kaɗan wani ya tsaya. Shi wannan rantsuwa ya yi cewa ba zai wuce ya bar ni a ƙasa ba, ya ɗora ni, ya mayar da ni gida cikin girmamawa. Da yamma kuwa har wani ya ja ni gefe yana tambaya a hankali ko inji ya samu matsala tun bayan rasuwar Yaya. A garinmu, a lokacin, idan an ga Alhaji yana tafiya a ƙasa, to ko dai mashin ya lalace, ko arziki ya karye.

Nan na yanke shawarar da na ɗauka ta masu hankali ce: zan yi tafiyata inda ba wanda zai gan ni, kuma ba zan gaya wa kowa ba, har Hajiya. Na gaya wa kaina cewa tausayinta nake ji, tunda mutuwar Yaya ta girgiza ta ƙwarai, ba na son in ƙara mata fargaba. Wannan gaskiya ne. (Akwai kuma wata gaskiyar: na san ranar da ta ji, ranar man shanu zai bar gidan gaba ɗaya, ni kuwa so nake mu rabu da shi a hankali.)

Saboda haka da an idar da sallar Asuba sai in hau babur in ce na tafi gona. In bi bakin babban kanal ta wajen Bunkure, in tura babur cikin wata gonar rake, in tuɓe babbar riga da hula in ninke. Da farko da dogon wando nake tafiya, raɓa tana jiƙa shi. Daga baya na sayo gajeren wando da takalmin kambas ja a wurin 'yan gwanjo. Ka ƙiyasta mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, da furfura a gemu, da tumbi a gaba, cikin singileti da gajeren wando, yana kaɗa hannuwa kamar ɗan fareti. Ni ne nan.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, wannan hanyar ita ce tsohuwar hanyarmu da Yaya. Ga mangwaron da muke sauke kaya mu huta, ga ƙofar ruwa inda muke wanke ƙafa. Tun ranar da ya rasu ban samu wurin kuka ba. A gida ni ne babba yanzu, matarsa da 'ya'yansa fuskata suke kallo su samu ƙarfi. A inji ma'aikata ni suke kallo. Amma a bakin kanal babu kowa sai ruwa da balbelu. Sai na tsinci kaina ina yi masa magana. Ina gaya masa yadda inji yake, da wadda aka kawo kuɗin gaisuwarta cikin 'ya'yansa, da irin kewarsa da nake yi. Wani lokaci in yi masa faɗa, in ce, "Yaya, da mun sani ai da tare muka je aka duba mu." Wani lokaci in tsaya a ƙofar ruwa in zuba wa ruwan ido, hawaye na zuba, har rana ta ɗaga.

Jikina kuwa ya fara karɓa. Hakin da nake yi ya ragu, barci ya dawo, tazugen wandona ya fara neman ƙarin ɗauri. Na daina tsayawa wurin mai balangu. A gida nakan ture man shanu gefe da dabara in ci tuwona. Ina ta murna a ɓoye, ina ganin ba wanda ya kai ni wayo.

Ashe duk abin nan ana gani. A wurin da ake noman rani babu inda babu ido, wani yana ban ruwa, wani yana korar tsuntsu, wani ya kwana a bukka. Malam Iro, abokina tun na ƙuruciya, gonarsa tana bakin wannan kanal ɗin. Shi ya fara hango ni. Ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa Hajiya, Hajiya ta je ta gaya wa mahaifinta tana kuka. Kuma in za a yi adalci, me za su ɗauka? Mutum ya yi babban rashi, yana ramewa, ya daina cin nama, yana fita da asuba ya tuɓe kaya a cikin rake, yana magana shi kaɗai, yana tsayawa yana kallon ruwa a daidai wurin da aka daɗe ana cewa akwai iskoki.

Na ga alamu, ban karanta su ba. Mutane suka riƙa gaishe ni da wata irin murya mai taushi, na ɗauka ta'aziyya ce ba ta ƙare ba. Hajiya ta fara turara ɗakina da habbatussauda, kununa ya fara ɗanɗanon rubutu. Wata safiya ta tare ni a zaure.

"Alhaji, wai wace gonar kake zuwa ne kullum?"

"Gonarmu mana."

"Gonarmu ai ta yamma take. An ce gabas kake yi."

Na ce, "Hajiya, harkar maza ce," na tayar da babur. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma na wuce.

Ranar da abin zai faru lokacin dashen shinkafa ne, gonaki duk sun sha ruwa sun zama taɓo. Na ɓoye babur kamar kullum, na kama hanya. Ranar kewar Yaya ta taso mini sosai, ina tafe ina kaɗa hannu, ina magana da ƙarfi, fuska jage-jage da hawaye. Ina shan kwanar mangwaron nan sai na gan su a tsaye a kan hanya. Limamin unguwarmu da carbi a hannu. Malam Iro. Ƙarti biyu daga cikin masu ɗaukar buhu a injina. A tsakiyarsu kuma, dafe da sanda, ga Baba, surukina, mahaifin Hajiya.

Sai wanda ya san tsakanina da Baba zai gane abin da na ji. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Bai taɓa ganin kaina babu hula ba. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe shi. Yau ga ni a gabansa, gwiwoyi a waje, cibiya tana leƙe ta ƙasan singileti, ga jan kambas.

Mai hankali tsayawa zai yi ya yi sallama ya yi bayani. Ni kuwa juyawa na yi na zura da gudu.

"Iskokin sun ga Liman sun firgita!" na ji Malam Iro yana ihu. "Ku tare shi kada ya faɗa ruwa!"

A nan ne tafiyar da na daɗe ina yi ta nuna amfaninta a inda ba na so. Gudu nake yi na gaske, ƙartin nan biyu suna bina suna haki. Ina jin ɗayansu yana cewa, "Wallahi wannan ba ƙarfin Alhaji ba ne!" Da na ga za su cim mini sai na sauka daga bakin kanal na yanki cikin gona. Ƙafata ta hau kan kunyar gona, santsi ya kwashe ni, na kife a taɓo. (Ranar dai kunya iri biyu ce ta kayar da ni.)

Suka danne ni, ɗaya a hannuwa, ɗaya a ƙafafu. Mutanen da nake ba umarni kullum, suna danna ni cikin laka suna cewa, "Yi haƙuri, Alhaji, don Allah yi haƙuri." Liman ya tattare rigarsa ya shigo taɓon, ya dafa goshina ya fara karatu a kunnena yana tofi. Masu dashe suka bar aikinsu suka kewaye mu, har da matan Fulani masu tallan nono da suka biyo hanya, ƙorai a ka.

"Lafiyata ƙalau!" nake ta faɗa. "Ku sake ni! Likita ne ya sa ni!"

Malam Iro ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Haka suke cewa."

Liman ya ɗaga murya. "Kai wane ne? Faɗi sunanka!"

"Allah gafarta Malam, wallahi kolestarol ne!"

Sai na ji Malam Iro ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi, ya faɗi suna."

Liman ya gyara tsugunno. "Kolestarol," ya maimaita. "Ban taɓa gamuwa da irinku ba. To Kolestarol, kai Musulmi ne ko kafiri? Me wannan bawan Allah ya yi maka? A ina ka zauna a jikinsa?"

"Malam, a jini yake!"

"Haka ne," in ji Liman, yana gyaɗa wa jama'a kai. "Ta nan suke bi."

Daga nan ƙarfina ya ƙare. Na daina fizge-fizge, na saki jiki a cikin laka, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza. Ba na jin ciwo ba ne, ba kuma na kunya kaɗai ba.

Sai na ji muryar Baba, ba da ƙarfi ba. "Ku sake shi."

Tsohon nan ya shigo taɓo da sandarsa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa mini. Ya sa aka zaunar da ni a kan kunyar gona, ya tsuguna a gabana, shi da ni nake tsuguna masa.

"Ɗana, bar sunan nan na Turawa. Gaya mini da Hausa."

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, kitse ne ya yi yawa a jinina. Likita ya ce shi yake toshe hanyar zuciya. Ya ce in riƙa tafiya a ƙasa ina gumi, in ba haka ba abin da ya ɗauki Yaya Sule zai iya ɗaukata. Kunyar tafiya a cikin gari nake ji, shi ya sa nake zuwa nan."

Da na ambaci sunan Yaya sai na ji wurin ya canza. Ƙartin nan biyu suka sunkuyar da kai, domin a gabansu ya faɗi.

Baba ya ce, "To da wa kake magana?"

Na ce, "Da shi, Baba. Na san ba ya ji. Amma a nan muke bi tare."

Ya juya yana kallon ruwan da ke gudu a kanal. Can ya ce, "Ni ma har yau idan na shiga ɗakin mahaifiyar Binta sai na yi mata sannu. Ta daɗe a ƙasa. Ba wanda ya danne ni saboda ba wanda ya ji."

Liman ya share gumi, shi ma da alama yana neman inda zai sa fuskarsa. Ya ce tunda dai an taru, a yi wa marigayi addu'a. A nan cikin taɓo muka ɗaga hannu, ni da rigar surukina a kafaɗa da laka har cikin kunne. Ban taɓa jin addu'ar da ta shige ni kamar wannan ba.

A gida na tarar da Hajiya zaune a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba. Labari ya riga ni isowa. Na shirya wa faɗa, amma ba ta yi ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Alhaji, da a ce ka faɗi a can kamar yadda Yaya ya faɗi, wa zai san inda kake? A cikin rake za mu nemo ka?" Ta ce ta daɗe ba ta yin barcin kirki, da ta ji ƙarar babur da asuba sai gabanta ya faɗi, tana tunanin ko yau ce ranar da ba zan dawo ba. Ni da nake cewa ina kare ta daga fargaba, ashe wadda ta fi ta na ɗora mata. Na ba ta haƙuri. Ta karɓa. Kafin azahar kuma kwalbar man shanu ta koma gidan maƙwabta.

Da na koma asibiti aka sake gwaji, likita ya ce an samu ci gaba: mai kwashewar ya ƙaru, mai maƙalewar ya sauka, amma kada in bar magani, kada kuma in bar tafiya, domin ranar da na zauna kitsen ma zai dawo ya zauna. Ya ce abin yakan bi jini a dangi, in turo 'ya'yan Yaya manya a duba su. Na tura su. Malam Iro ma ya bi su, aka same shi da hawan jini, ya dawo yana bina a baya kowace safiya yana haki, ni kuma ban taɓa rage masa sauri ba.

Yanzu ta tsakiyar gari nake bi, cikin jallabiya, kowa yana gani. 'Yan acaɓa sun daina tsayawa, sai dai su ɗaga hannu su ce, "Alhaji Kolestarol, a sauka lafiya!" Sunan ya bi ni, har jikokina sun san shi. Liman kuwa duk sanda muka haɗu a ƙofar masallaci sai ya rage murya ya ce, "Ya baƙon naka?" In ce, "Yana nan, Allah gafarta Malam, amma ya yi laushi."

Abin da na koya ba shi da yawa. Na guje wa tambayar 'yan acaɓa, na je na amsa ta Liman a kwance cikin laka. Saboda haka idan likita ya ce ka riƙa tafiya a ƙasa, ka yi, tana da amfani, ni shaida ne. Sai dai tafiyar farko ka yi ta gajera: daga ɗakinka zuwa ɗakin matarka, ka gaya mata abin da ake ciki.